Garar da Ke Cikin Ƙaro

Mai Fensir, haka mijinta ya laƙaba mata tun tana budurwa, lokacin da aka ɗauke ta aikin zanen ƙwari a sashensu na jami'a, shi kuma yana ƙaramin malami mai takalmi ɗaya da surutu kamar rediyo. Sunan ya bi ta har furfura. Ɗalibai suka mayar da shi Mama Mai Fensir. Shi kuwa a gabansa Farfesa suke ce masa, a bayan idonsa Baban Gara. Ita dai Malam take kiransa.

Gara ce aikinsa, amma ba wadda ke cin ƙofa da littattafai ba. Tasa ta mutu tun kafin ɗan Adam ya taka ƙasa, sai dai a tono ta cikin dutse. Ranar da mahaifiyar Mai Fensir ta fara jin sana'ar surukin nata, riƙe baki ta yi ta ce, "Mutane na neman maganin gara, shi yana neman kakanninta?" Haka aka yi auren, shi yana tonowa, ita tana zanawa. Duk fiffiken da ke cikin littattafansa, hannunta ne ya ja jijiyoyinsa ɗaya bayan ɗaya.

Abu guda ya bi tsawon rayuwarsa. Akwai wata babbar gara, tsohuwar zuri'a, wadda yau ba a samunta sai a wani lungu mai zafi can ƙarshen duniya. Malam ya dage cewa a da ta bazu ko'ina, har ƙasashen da yanzu ƙanƙara ke rufewa rabin shekara, domin a lokacin can ɗin ma daji ne mai ɗumi. An samu burbushinta a nahiyoyi da dama, amma can arewa mai nisa ba wanda ya taɓa gani, don haka abokan aikinsa sukan saurare shi su gyaɗa kai su wuce. Ana gane irin garar nan da alama guda: wani ɗan kunne a gindin fiffikenta na baya, mai naɗewa kamar na kyankyaso. In ba a ga kunnen nan ba, gara ce kawai kamar kowace.

A tafiyarsa ta ƙarshe kafin ya yi ritaya, cikin wani ramin haƙar kwal a can arewan, inda sanyi ya kusa cinye masa yatsu, ya tsinto ɗan ƙaro. Ƙaron itace ne da ya tsiyayo ya daskare, miliyoyin shekaru suka bi ta kansa har ya zama dutse. Bai fi kan babban yatsa ba, launinsa kamar shayi marar madara. A cikinsa gara ce kwance da fikafikanta, kamar jiya ta faɗa. Sai dai daidai gindin fiffiken wani hazo fari ya rufe. An sa shi a na'urar ɗaukar hoton ciki, fiffiken ya yi siriri da yawa, bai fito ba. Ba wata hanya sai a goge ƙaron da hannu, a kankare hazon, a tsaya kafin a taɓa fiffiken. Tsakanin su biyun bai kai kaurin gashin kai ba. Kowa a sashen ya san hannu ɗaya ne zai iya wannan aiki, hannun Malam. Malam ya yi ta ɗagawa, yau ba haske, gobe mura, Mai Fensir kuwa ta san tsoro ne. Dutsen ya zauna a akwatin ƙarfen sashen shekara da shekaru.

A cikin shekarun nan ne mantuwa ta shigo gidan. Da farko abin dariya ne. Ya tafi kasuwa da mota ya dawo a tasi, yana mitar yadda masu tasi suka lalace. Sai ya fara kiran buta "abin nan", cokali ma "abin nan". Wata safiya ta same shi a tsakar falo da riga biyu a jikinsa, yana neman ta uku. Likita ya faɗa mata sunan ciwon, ta dawo gida ta haɗiye shi. Ko 'yarsu tilo, da ke aure a wani gari, ba ta gaya wa ba. In baƙi suka zo, ita ke ƙarasa masa magana, ita ke jefa masa sunayensu cikin gaisuwa don ya kama. Abin da ya taimake ta shi ne, da zarar an ambaci gara, Malam ɗin da ta sani yakan dawo cak. Zai jero sunaye da zamunna ba tuntuɓe, har ya gyara wa mai tambaya tambayarsa.

Shi ya ɗauki waya da kansa ya kira shugaban sashe, tsohon ɗalibinsa da yake ce wa Dogo, ya ce lokaci ya yi, a kawo masa dutsen gida. Mai Fensir tana kicin ta ji, wuƙar hannunta ta tsaya. Da ya ajiye wayar ta fito tana goge hannu.

"Malam, da ka bari su nemi wani ya yi."

"Wa?" in ji shi. Ya dube ta, idonsa garau kamar na da. "Mai Fensir, na san abin da ke damuna. Kina tsammani ban sani ba? Kaina na yoyo. Amma hannun nan bai manta ba tukuna. In ban yi yanzu ba, shi ke nan, na yi aikin banza. Ki bar ni in gani da idona kafin in daina sanin me nake gani."

Tunda ciwon ya fara bai taɓa ambatonsa ba sai ranar. Ta koma kicin, ta rasa abin da ta je yi.

Dogo ya zo da hantsi, dutsen naɗe cikin auduga a ɗan gwangwani. Mutum ne mai furfura a gemu yanzu, amma har yau in ya gaishe su sai ya rusuna. Malam ya tare shi da tsiya kamar kullum, ya ce tumbin shugabanci ya hana shi sunkuya kan madubin ƙara girma. Aka yi dariya. Da ta raka shi bakin ƙofa, Dogo ya tsaya yana jujjuya makullin motarsa.

"Mama, in yi tambaya? Sau biyu Farfesa ya tambaye ni lafiyar mahaifina, alhali da shi aka kai mahaifin nawa makwancinsa. Lafiyarsa ƙalau kuwa? In akwai wani abu, sai in koma da dutsen. Ba shi da na biyu a duniya."

Ta ji muryar Malam daga ɗakin aikinsa, yana 'yar waƙarsa ta lokacin da suke matasa.

"Ƙalau yake," ta ce. "Tsufa ne kawai. Ina tare da shi."

Washegari suka fara. Ɗakin aikin ƙarami ne, taga ɗaya, tebur mai tsawo, madubin ƙara girma a gefe da kyamara a kansa. Malam ya shimfiɗa samfefa mafi laushi a kan gilashi, ya ɗiga ruwa, ya ɗora ƙaron ƙarƙashin yatsa. Ya zagaya shi a hankali, ya ɗaga, ya wanke, ya sa a madubi ya duba, ya dawo. Ita tana kusa da shi, ba ta ɗauke ido. Hannun kuwa bai manta ba. Yadda yake riƙe numfashi, yadda ɗan ƙaramin yatsansa ke tokare tebur, duk yadda ta san su. Kullum kafin su tashi sai ta karɓi dutsen ta kulle a durowarta, ta sa makullin a wuya.

Kwanakin nan sun fi duk wasu kwanaki daɗi a shekarar. Ya ci abinci sosai, ya tsokane ta, har ya tuna sunan buta. Ta fara ce wa kanta ashe ta yi daidai.

Ranar da abin ya faru, rana ta ɗan karkata. Ya sa dutsen a madubi ya sunkuya, sai ya daɗe bai ɗago ba.

"Zo," ya ce. "Zo ki gaya mini ba idona ba ne."

Ta sa ido. Hazon ya kau. A gindin fiffiken baya, ga ɗan kunnen nan a naɗe, jijiyoyinsa sun bazu kamar yatsun hannu. Ta zana irinsa ba adadi daga samfurin wasu ƙasashe, ta san shi kamar fuskar 'yarta. Ta ɗago, suka dubi juna. Malam ya kama hannunta ya matse, yana dariya hawaye na bin gemunsa.

"Har can ta je," yake ta faɗi. "Na gaya musu har can ta je."

"Kada ka sake taɓa shi," ta ce. "An gama. Bari in kunna kyamara."

Tana miƙa hannu aka fara dukan ƙofar gida, duka ba na sallama ba. Matar da ke zaune a benen ƙasa ce, tana ƙwala kira, ruwa na zuba daga silin ɗinta a kan gadon 'ya'yanta. Mai Fensir ta ruga banɗaki, ta tarar da famfo a buɗe, baho ya cika ya tumbatsa, ruwa ya malale har ƙarƙashin ƙofa. Malam ne ya shiga ɗazu. Ta kashe famfon, ta zuba tawul a ƙasa, ta leƙa ɗakin aikin tana haki.

"Zauna nan. Kada ka taɓa komai sai na dawo. Ka ji?"

"Na ji, ranki ya daɗe," ya ce, yana murmushi, hannuwansa a cinya.

Maƙwabciyar ba ta sake ta ba sai da ta ja ta ƙasa ta ga ɓarnar da idonta. Ta nuna mata katifa, ta nuna mata fentin da ya kumbura, ta ce wannan ne karo na biyu, ta ce tana ganin girmansu ne shi ya sa ba ta kai ƙara wurin mai gidan ba. Mai Fensir ta yi ta ba da haƙuri, ta kama mata suka ja gadon gefe. Tana riƙe da ƙafar gadon ne hannunta ya kai wuyanta ya taɓa makullin durowa, ta tuna ba ta kulle dutsen ba. Ta saki gadon ta hau bene da gudun da ta manta tana da shi.

Tun daga falo ta ji sautin. Shuu, shuu, shuu, a natse, ba gaggawa.

Yana zaune daidai yadda ya saba, ƙaramin yatsa a tokare, yana 'yar waƙarsa. Ruwan da ke kan samfefar ya yi kauri, ya zama launin ƙasa. Ta cafke hannunsa. Abin da ta ɗago daga ƙarƙashin yatsansa ɗan faifai ne siriri kamar ɓawon albasa. Ta kai shi madubi. Kan garar na nan, da ƙafa biyu na gaba. Daga nan zuwa baya babu komai, sai santsi mai sheƙi, an goge shi tas, aiki mai kyau.

"Saura kaɗan," in ji Malam. "Hazon nan taurin kai gare shi. Amma yau za mu gani, in Allah ya yarda."

Ba ta yi ihu ba. Ta duba ruwan da ke kan gilashin, ta ga ba abin da za a tsamo. Ta ɗauki tsumma ta goge masa yatsu ɗaya bayan ɗaya. Ya tambaye ta me ya jiƙa mata zane haka, ta ce ruwa ne ya zube. Ya ce ta riƙa kula.

Kafin rana ta faɗi ta zauna ta zana abin da ta gani, tun yana sabo a idonta. Da safe ta bar Malam yana barci, ta kulle gidan ta waje, ta tafi ofishin Dogo. Ta ajiye gwangwanin a teburinsa, ta ajiye zanen a gefe, ta faɗa masa komai a tsaye, har da sunan ciwon. Dogo ya buɗe gwangwanin. Ya daɗe yana kallon abin da ke cikin audugar, sannan ya cire tabarau ya rufe fuska da tafin hannu.

"Mama, ai na tambaye ki."

"Ka tambaye ni."

"Da kin ce mini uffan kawai. Da na zo na zauna tare da ku. Da na kwana a ƙofar ɗakin."

"Amma na gani, Dogo. Kunnen na nan. Mu biyu muka gani. Ga shi na zana, ba abin da na ƙara."

Ya ja zanen gabansa, ya duba shi da kyau, don ba mutumin banza ba ne. Ta ga yadda yake bin jijiyoyin da ido, ta ga ya gane.

"Ni na yarda," ya ce a hankali. "Wallahi na yarda. Amma wa zan kai wa? Za su ce ina dutsen, in nuna musu wannan. Za su ce ina hoto, in ce babu. Za su ce wa ya gani, in ce Farfesa da matarsa. Su ce to a kira Farfesa." Ya ɗago ya dube ta. "Zai tuna?"

Ta mayar da idonta kan zanen, shi kuwa ya ci gaba.

"Za su ce matarsa ce, ta san abin da yake so a gani, ta zana masa. Ba zan so a faɗi haka a kanki ba, Mama."

Ta tambaya ko za a iya komawa ramin kwal ɗin. Ya ce an daɗe da rufe shi, ruwa ya cika shi. Ya miƙo mata zanen da hannu biyu. Ya rako ta har mota, ya buɗe mata ƙofa, ya ce a gaida Farfesa. Bai ƙara taka gidan ba, sai dai ya aiko a gaishe su.

A ranar ta kira 'yarsu. 'Yar ta iso da jaririnta a baya, ta shiga ta rungume ubanta, ya karɓe ta da fara'a irin wadda ake yi wa baƙuwar kirki. Ta fito ta sami uwarta a kicin ta rufe ƙofa.

"Umma, tun yaushe?"

"An daɗe."

"An daɗe, ni ina can ina turo muku hoton jariri? Ni ba 'yarsa ba ce? Wa kike ɓoye wa, ni ko mutanen jami'a?"

"Shi nake ɓoye wa," in ji Mai Fensir. Da ta faɗa sai ta ji ita ma ba ta gamsu da amsar ba.

Daga nan jikin Malam ya yi ta gangarawa, kamar dama aikin ne ke riƙe da shi. 'Yan makonni ya yi yana tambayar yaushe Dogo zai kawo dutsen, tana cewa gobe. Wata rana ta gwada, ta zaunar da shi ta ce, "Malam, ka tuna mun gani? Kunnen. Har can ta je." Ya dube ta da ladabi ya ce, "Wa ta je?" Bayan nan ya daina tambayar dutsen. Ko an ambaci gara sai ya gyaɗa kai kawai, kamar yadda abokan aikinsa suka riƙa yi masa.

Ita kuwa ta shiga sake zanen. Na farkon ta ga kamar ta matse kunnen da yawa, ta yi wani. A na biyun jijiyoyin suka fi yawa. Ta ɗauko littattafansa ta gwada da tsofaffin zanenta, ta ga sabon ya yi kama da su ƙwarai, har kamannin sun yi yawa ma. Ta rufe ido ta nemi abin da ta gani a madubin, sai ya zo mata da layin fensir a jikinsa. Ta kasa rabe wanda idonta ya gani da wanda hannunta ya saba. Kallo ɗaya ta yi masa, kuma tana kuka lokacin, ko kuwa bayan ta ɗago ne ta fara kukan? Wannan ma ta rasa. Ba wanda za ta tambaya. Mutum ɗaya da ke ɗakin yana falo, an ɗaura masa tawul a wuya, jikansa na wasa da yatsun ƙafarsa.

Da 'yar ta yanke cewa su koma wurinta da zama, ba ta yi musu ba. Aka kawo kwalaye. Madubin da kyamarar aka mayar wa sashen. 'Yar na kwashe durowar ɗakin aiki ta ci karo da tarin takardun, duk fiffike ɗaya, ba biyu da suka zo daidai. Ta baza su a kan teburin.

"Umma, motar ba za ta ɗauki duka kayan ba. Wanne ne na gaskiyan? In ajiye shi, sauran a zubar."

Mai Fensir ta matso. Ta ɗauki na farko ta ajiye, ta ɗauki wani ta kai shi taga ta duba a haske. Direban motar kaya ya danna hon a ƙasa. Daga falo Malam ya fara kiran a zo a cire masa abin nan.

"Umma?"

"Ban sani ba," ta ce.

Ta ajiye takardar a kan sauran, ta tafi wurinsa.